Raddi ga Masu Cewa Allurar Jini Tana Ɗora Karaya

A ƙasar Yekuwa da Magarya da Dungas karaya ba baƙuwa ba ce: babur ya zame, amalanke ya kife, yaro ya faɗo daga kan icce. Shi ya sa ba zan yi shiru ba a kan allurar PRP, wadda masu tallarta ke cewa tana haɗa ƙashi ba tiyata, ba ƙarfe. Yadda suke bayyana ta daidai ne. Ana ɗibar jinin majinyaci, a wulwula shi cikin na'ura har ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru wuri guda, sannan a mayar masa da su inda ciwon yake. Abin da suka gina a kan haka shi nake jayayya da shi.

Suka ce ƙwayoyin nan suna ɗauke da sinadaran da ke sa nama da ƙashi su toho. Haka ne. Amma duk ƙashin da ya karye, jini yake zubarwa a wurin, ya daskare, kuma gudan jinin nan cike yake da waɗannan ƙwayoyi tun daga ranar farko. Abin da karaya ta fi rasawa shi ne a daidaita bakin ƙashi da ɗan'uwansa, a hana shi motsi, jini ya riƙa isa gare shi, kuma kada ya yi ɗiwa. Maɗorin kirki ma ya san biyun farko. Taki yana da amfani, amma ba ya tsayar da shukar da ake tumɓukewa kullum.

Suka ce bincike ya tabbatar. Wane bincike? Aikin da ya fito da sunan allurar shi ne na Robert Marx, likitan tiyatar baki a Miyami ta Amurka, a 1998. A muƙamuƙi ya yi shi, kuma cuɗa PRP ya yi da dashen ƙashi a ɗakin tiyata. Ina muƙamuƙi, ina ƙwaurin da ke ɗauke da nauyin mutum? A 2012 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta nemi hujja a kan dogayen ƙasusuwan manya, gwaji ɗaya tak ta samu da ya cika sharaɗinta, na mutum 21, ta ce bai isa a yanke hukunci ba. Kafin nan, a 2008, Calori da abokan aikinsa a Italiya sun gwada ta a kan mutum 120 masu ƙashin da ya ƙi kamawa, suna kwatanta ta da wani sinadari mai suna BMP-7. Waɗanda aka sa wa sinadarin BMP-7 kusan kashi 87 cikin ɗari suka warke, na PRP kuwa kusan kashi 68, kuma dukkansu tiyata aka yi musu. Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka ga ta ɗan gaggauta haɗuwa, ban musa ba, sai dai kowane da irin haɗinsa, har kwatanta su ke wuya.

Suka kawo misalin 'yan wasa Tiger Woods da Rafael Nadal, waɗanda aka yi wa allurar. Ciwon gwiwa da jijiya suka kai, ba karaya ba. A jijiyar ma, gwajin da aka buga a Ingila a 2019 kan mutum 230 masu tsinkewar agara bai ga wani bambanci ba.

Suka ce jininka ne, ba ya cutarwa. Nan na fi jin zafi. Allurar kanta haɗarinta kaɗan ne in an kiyaye tsabta, ko da yake zazzaɓin cizon sauro, da ke kwantar da mu kowace damina, yana rage ƙwayoyin jinin nan da allurar ta dogara da su. Cutar tana cikin jinkiri da asarar dukiya. Magidancin da ya sayar da rago ko damman gero don allura, da me zai biya hoton ƙashi a babban asibitin Damagaram, ko kuɗin mota zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano? Ƙashin da ya huda fata wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta yake so a ranar. Hannun yaron da karan ɗori ya matse har yatsu suka kumbura suka yi sanyi, kwancewa yake so cikin awoyi, in ba haka ba a kai ga yanke shi. Mai sikila da ƙashinsa ke ɗiwa kuwa, sai an kwashe ruɓaɓɓen wurin.

In likitan ƙashi ya daidaita karaya, ya kafe ta, sannan ya ga dacewar ƙara PRP, ba ni da ja. Amma ya gaya wa majinyaci kuɗinta tun da wuri, ya kuma gaya masa cewa amfaninta a ƙashi har yanzu ana kan gwada shi.