Kafin Mu Toshe Wa Mota Baki, Mu Saurari Kukanta

Duk wanda ya taɓa zama a tsohuwar Golf ko Sharon daga Kano zuwa Abuja ya san gajiyar da ƙara ke jawowa. Mutum ya sauka kunne na amsa kuwwa, kai na sarawa. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana shan ta awa 8 kullum, tana cin jin mutum a hankali. Saboda haka ba ma ganin laifin masu sayen shimfiɗar kashe ƙara irin su Dynamat, wato roba mai danƙo da fatar alminiyom a bayanta, wadda ake mannawa a jikin ƙarfen mota don ya daina rawa. Inda muke da ja shi ne gaggawar da ake yi wajen manna ta. A ganinmu shirin da ake yi kafin mannawa ya fi mannawar muhimmanci.

Da farko, wata ƙarar gargaɗi ce. Gurnanin da ke ƙaruwa in an ƙara gudu sau da yawa boris ɗin taya ne ya fara ci. Ƙwanƙwasa in an faɗa rami tana iya zama shokazoba. Jijjiga mota na tsaye kuwa a duba robobin da injin ke zaune a kai. Wanda ya lulluɓe waɗannan da shimfiɗa ya rufe bakin mai faɗa masa gaskiya, kuma ranar da boris ya watse a kan babbar hanya rai ake magana. Mu fara kai mota wurin makanike, a duba taya da salansa da robobin ƙofa.

Bayan nan sai kwancewa. A cire kan batir tukuna, musamman in kujerun na da jakar iska, sannan a fitar da kujeru da kafet da murafen ƙofofi. Kowane noti a ajiye shi da alama, a ɗauki hoton wayoyi kafin a taɓa su. Abin da za mu tarar a ƙasa ba kyau: ƙurar hunturu, maiko, wani lokaci tsatsa. Danƙo ba ya kama ƙura. Dole a wanke, a goge da sipirit, a bari ya bushe ƙayau. Tsatsa kuwa a kankare ta a shafa fenti, domin in aka rufe ta za ta ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye har ƙasan mota ya huje. Ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa na fitar ruwa ne, kada a toshe su.

Sai zaɓen kaya. Akwai mai araha da aka yi da kwalta. A zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, irin wannan tana yin laushi, ta saki, ta cika mota da wari. Araha ba ta ado. Kuma ba sai an rufe ko'ina ba. A ƙwanƙwasa ƙarfe da yatsa, inda ya yi amo kamar gwangwani nan ke buƙata, a danne shimfiɗar sosai har iska ta fita.

Mun san wasu za su ce wannan dogon zance ne, mai haya ba shi da kwana biyun da zai ajiye mota. Gaskiya ne kwana biyu asara ce gare shi. Amma wanda ya manna a kan datti zai sake kwance motar bayan 'yan watanni, ya biya kuɗin kaya da na aiki sau biyu. Gara ya yi ƙofofi a wannan makon, ƙasan mota a wani, kowanne da cikakken shiri.

Allah Ya kiyaye mana hanya. Sai mako mai zuwa in muna raye.