Wasiƙa Zuwa ga Matasa Masu Binciken Ƙwarin Gona

Ina yi muku fatan alheri a kan wannan aiki mai cin ido da haƙuri. Shawarata guda ce: kada ku kama ƙuda a kan fure ku bar sunan shukar a gona.

Dalili kuwa shi ne, a cikin ƙananan ƙudajen nan da ba su wuce milimita 2 ko 3 ba, akwai mai ciyar da manomi, akwai mai tsiyata shi. Ku dubi koko da ake nomawa a Ghana da jihohin Ondo da Kuros Riba. Furensa a jikin kututture yake fitowa, ƙurarsa kuma a ɓoye take cikin 'yan aljifan furen, sai 'yan mitsi-mitsin ƙudajen Forcipomyia ke kutsawa su ɗauko ta su kai wa wani furen. Tsutsarsu a ruɓaɓɓen ɓawon koko da ganyen da ya zube take girma, don haka wanda ya share gonarsa ƙal ya kori ma'aikatansa. A gonar dawa kuma akwai wani ɗan jan ƙuda da macensa ke zuwa da hantsi lokacin da zangarniya ke fure, ta saka ƙwai, tsutsa ta cinye ƙwayar tun tana ruwa. Ranar girbi sai a tarar da zangarniya ba ido. In kun zuba waɗannan biyun a kwalba ɗaya ba bayani, kun yi aikin banza.

Saboda haka ku tsaya gaban furen ku kalla kafin ku kama. Shin ƙudan tsotso yake yi, ko ƙwai yake sakawa, ko hutawa kawai? Ku zuƙe shi da bututun kama ƙwari, ku saka a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, kowace shuka da kwalbarta. Ku rubuta gari da kwanan wata da sa'a da sunan shukar da fensir, domin sifirit na wanke tawada. Shukar da ba ku sani ba, ku yanko reshe mai fure ku danne a takarda, ku tambayi mai gonar sunanta na gida. Tarkon roba ruwan ɗorawa yana kama da yawa, amma ba zai gaya muku furen da ƙudan ya sauka a kai ba.

Wajen raɗa suna kuma ban da garaje, kama da wane ba ta wane. A furen mangwaro da na albasar iri za ku ga ƙudaje masu ratsin ƙudan zuma suna tsayawa cik a iska. Ku ƙirga fukafukai: ƙuda biyu gare shi, ƙudan zuma huɗu. Tsutsar da yawa daga cikin ƙudajen nan masu ratsi darɓa take ci. Ƙananan kuwa sai an ɗora su a gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma, an duba jijiyoyin fiffike da al'aurar namiji. Ku nemi kundin Manual of Afrotropical Diptera da aka fara fitarwa a 2017, ku kuma gwada da ajiyar ƙwari ta Samaru a Zariya. Inda iliminku ya tsaya a dangi, ku rubuta dangi.

Daga ƙarshe, ku mayar wa manomi abin da kuka gano, musamman mai feshin mangwaro yana cikin fure. Da bayaninku zai san ranar da zai ɗauki famfo da ranar da zai ajiye shi.

Allah ya yi wa aikinku albarka. Wassalam.

Yayanku a wannan sana'a.