Idan Kin Koma Tsohon Garinku, Nemi Mutanenki

Da yawa daga cikinmu ba a garin da aka haife mu muke zaune ba. Wata aure ne ya ɗauke ta, wata canjin aikin mahaifi, wata kuwa rikici. Yau maganarmu a kan ranar komawa ce.

Bari in kawo misali da Kaduna, inda na tashi a unguwar Kakuri. Mun bar ta bayan rikicin watan Fabrairu na shekarar 2000, kamar dubban iyalai. Da na koma bayan fiye da shekara 20, sai na tarar da wani gari daban. Jirgin ƙasan Abuja da ya fara aiki a 2016 yana sauke mutane a Rigasa, ga sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a 2022. Amma masaƙun da suka ciyar da iyayenmu sun yi shiru. An rufe KTL a 2002, ita da ta fara aiki tun 1957, sannan UNTL ta tsaya a 2007.

Babban canjin kuwa na zaman jama'a ne. Bayan rikicin 2000 da na 2002, Musulmi da yawa sun tattara zuwa arewacin kogin Kaduna, irin su Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci kuma suka nufi kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi. Matan da suka yi wa iyayenmu zaman jego, waɗanda muke aron turminsu, duk sun watse.

To uwargida, idan Allah ya nufe ki da komawa, kada ziyararki ta tsaya a kallon titi da ɗaukar hoto. Tambayi inda ƙawayen mahaifiyarki suka koma, ki je ki gaishe su, ko da sabulu da turmin atamfa. Manzon Allah (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta. Ki nemi malamar da ta koya miki alif da ba. Maƙwabciyar da ba Musulma ba ma tana da hakkin maƙwabtaka, musamman wadda ta rufa muku asiri ranar tashin hankali.

Ki tafi da 'ya'yanki. Yaron da bai ji komai game da garin uwarsa ba sai labarin faɗa, da ƙiyayya zai girma. Nuna masa waɗanda suka yi muku alheri, ya san sunayensu.

Kuma ki yi sauri, 'yar uwa. Gada za ta jira ki, amma tsofaffin nan kullum raguwa suke yi. Allah ya ba mu ikon sada zumunci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.