Kasuwa Ba Ta Masu Babbar Waya Ba Ce

Ya ku talakawa, ku saurara! A 2021, lokacin annobar korona, a Saudiyya ba a barin mutum ya shiga kanti ko Harami sai ya nuna Tawakkalna a wayarsa. Singafo ma ta yi irin wannan doka, amma ta raba wa marasa waya 'yar na'ura kyauta.

To mu fa? Ranar da mahukuntanmu suka kwaikwayo wannan, wa zai shiga kasuwar Sara ko asibitin Birnin Kudu? Tsohuwa mai daddawa ina ta ga babbar waya? Mun ɗanɗana a 2023, da kuɗi suka ɓace aka ce a biya ta waya.

Tsare lafiya wajibi ne. Amma dokar da sai mai hali ke iya bi, zalunci ce. Ba mu yarda ba!