Libreville: Farin tabo a fata, albaras ne ko aikin man bilicin?

A watan Janairun 2025 wakilan ƙasashen Afirka suka taru a Libreville, suka yi alƙawarin kawar da mayukan bilicin masu sinadarin zaiba. A watan Mayu kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da Kwaddebuwa ta jagoranta, na ɗaukar cututtukan fata da muhimmanci. Sai dai ga mai sayar da kifi a Port Môle, ko ɗan kasuwa Bahaushe a Mont-Bouët, da farin tabo ya fito masa a bayan hannu, damuwar ta fi kusa: masu saye za su ci gaba da karɓar kaya daga hannunsa?

Tsoron yana da tushe. Kalmar albaras, wadda Hausawa ke kiran bitiligo da ita, ta daɗe tana cakuɗe da kuturta a bakin mutane. Shi ya sa likitan fata kan fara da raba su. Zai shafa auduga a kan tabon, ya tambaya ko an ji. Tabon kuturta kan rasa jin taɓawa, na bitiligo kuwa yana ji sarai, kuma ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin abinci tare. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ne garkuwar jiki ke kashewa. Zai kuma kankare wurin kaɗan, domin ƙyasbi, wanda zafi da gumi irin na bakin teku ke ƙara wa ƙarfi, yana fitar da ɓawo.

Tambayar da ta fi wuyar samun amsar gaskiya ita ce ta mai. Wasu sinadaran bilicin na barin tabon da ido ba ya bambanta shi da bitiligo, kuma mata da yawa, har da maza, sukan ce sabulu kawai suke amfani da shi. Wanda ya zo da kwalbar a jaka ya rage wa likita rabin aiki.

A littattafai akwai ma'aunai irin su VASI, amma an fi amfani da su a bincike. A asibiti mai dogon layi, likita kan ƙiyasta da tafin hannun majiyyaci, wanda ake lissafa shi kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jiki. Fitilar Wood, mai haska tabo a ɗaki mai duhu, ta fi amfani ga masu farar fata. A baƙar fata tabon a bayyane yake. Abin da likita ya fi nema shi ne ko cutar na yaɗuwa: ƙananan ɗige-ɗige a gefen tabon, ko sabon fari a inda aka ji rauni ko inda takalmi ke gogawa. Fuska kan karɓi magani fiye da yatsu, kuma idan gashin wurin ya yi fari, dawowar launi na da wuya. Wani lokaci yakan nemi gwajin jini na maƙoƙo.

Amurka ta amince da sabon man Opzelura a 2022, Tarayyar Turai a 2023, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan 'yan ci-rani, musamman wanda ba shi da katin CNAMGS. Ga mai zirga-zirga tsakanin Libreville, Duwala da Kano, da wuya likita ɗaya ya gan shi sau biyu, don haka hoton tabon da ya ɗauka a waya duk wata, ƙarƙashin haske iri ɗaya, shi ne abin da likita na gaba zai kwatanta da shi.