Talauci Ba Fasaha Ba Ne: Martani Ga Masu Kambama Finafinan Tsoro Na Araha

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu sharhin finafinai na Turai da Amurka, har ga shi ta fara tsallakowa bakin samarinmu masu sha'awar riƙe kyamara. Wai fim ɗin ban tsoro na gaskiya, irin wanda yake kama mutum ta zuciya da tunani ba ta hanyar yanka da malalar jini ba, ba shi da wani uba sai talauci. Wai da zarar ka rasa kuɗin ƙera dodo tilas ka ɓoye shi a duhu, abin da ido bai gani ba kuwa ya fi razanarwa. Saboda haka, in ji su, ƙaramin jari shi ne sirrin, rubutaccen labari ma ba dole ba ne. Da ka buɗe baki za ka yi musu sai su zaro maka lissafi kamar 'yan canji: The Blair Witch Project na 1999 kuɗin ɗaukarsa bai wuce dala 60,000 ba, ya kawo kusan dala miliyan 250, Paranormal Activity na 2007 dala 15,000 aka kashe, a gidan mai shi Oren Peli aka ɗauka cikin kwana 7, ya kawo sama da dala miliyan 190.

Lissafin ba ƙarya ba ne. Fassarar da ake yi masa ce ƙarya, kuma mu marubuta ta fi cuta, domin mu ake nufin a sallama.

Bari in fara da rabin gaskiyar da ke cikin zancen nasu. A 1942 kamfanin RKO ya ɗora Val Lewton a kan sashen finafinan tsoro na 'yan rabbana ka wadata mu, da sharaɗin kada fim ya wuce dala 150,000, kada ya wuce minti 75, sunan fim kuma kamfani ne zai miƙo masa. Na farko shi ne Cat People, labarin wata mata 'yar Sabiya a birnin New York da ta yi imani cewa in kishi ko sha'awa ya motsa mata za ta rikiɗe ta zama damisa. Akwai wurin da kishiyarta take tafiya ita kaɗai da dare a gefen katanga, ana jin takun takalmi a bayanta. Sai takun ya ɗauke. Ta waiwaya, ba kowa. Ta ƙara sauri. Can sai ka ji wani huci kamar na dabba, ashe birkin motar bas ce ta tsaya a gabanta. Ba damisa, ba jini, amma har yau masu sana'ar suna koyar da wannan wuri. To, na yarda rashin kuɗi ya taimaka.

Amma wane ne Lewton? Marubucin littattafan ƙagaggun labarai ne, wanda ya yi shekaru yana tace wa furodusa David O. Selznick labarai, kuma shi da hannunsa yake bin rubutun finafinansa na ƙarshe yana gyarawa. Wannan taku da ya ɗauke ba talauci ne ya ɗauke shi ba, wani ne ya zauna ya yi tunanin cewa shirun da ya biyo bayan sawu ya fi sawun ban tsoro. A shekarun nan ɗaruruwan matalauta sun yi finafinan tsoro a Amurka, sun sa wa ƙato rigar gwaggwon biri sun ce dodo ne. Talaucinsu ɗaya da na Lewton. Ina suke yau? Ai mu ma ba baƙin abin ba ne, mun sha ganin aljanin bidiyo an shafe masa fuska da farar hoda, wuta na fita daga idonsa, yara na ta ƙyaƙyata dariya.

Shi kansa Blair Witch da ake kafa hujja da shi, kallon kitse ake yi wa rogo. Ana cewa ba shi da rubutu, 'yan wasa uku aka saki a dajin jihar Maryland kwana 8 da kyamara suka yi ta surutu. Gaskiya ne maganganun na bakinsu ne. Sai dai Daniel Myrick da Eduardo Sánchez sun rubuta tsarin labarin mai shafi 35, sun ƙago wa mayyar tarihi tun daga kakanni, kullum suna ajiye wa kowane ɗan wasa takardar umarni a ɓoye wadda ɗan'uwansa bai san abin da ke ciki ba, suna kuma rage musu abinci don faɗan nasu ya zama na gaske. Bayan haka suka shafe watanni suna tankaɗe hoto na kimanin awa 20 har ya koma minti 80 da 'yan kai. In wannan ba rubutu ba ne, mene ne?

Mai karatu ya dubi ƙarshen fim ɗin. Yarinyar ta sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani kangon gida tana ihu, sai ta hangi abokin tafiyarta a tsaye, ya juya baya, yana fuskantar kusurwar bango. Shi ke nan. Mutum a tsaye a lungu, me ke abin tsoro a nan? Abin da ya sa tsigar jiki take tashi shi ne tun a farkon fim, cikin hirar da suka yi da mutanen gari, wani ya ambata a shagube cewa makashin yaran nan na da can yakan sa yaro ɗaya ya fuskanci bango yayin da yake kashe ɗayan. An shuka maganar, an bar ta fiye da awa guda, sannan aka girbe ta a daƙiƙar ƙarshe. Kowace tsohuwa mai tatsuniya ta san wannan dabara. Ba ta cin ko sisi, amma ba a tsintar ta a daji.

Masu lissafi kuma ba sa gaya maka cewa kamfanin Artisan ya sayi fim ɗin sama da dala miliyan 1 a bikin Sundance, ya ƙara zuba kuɗi wajen gyaran sauti da talla, ko cewa sai da Paramount ta sauya ƙarshen Paranormal Activity kafin ta baza shi a sinimomi a 2009. Ba sa kuma gaya maka cewa a 2024 'yan wasan nan uku na Blair Witch sun fito fili suna neman kamfanin Lionsgate ya ba su haƙƙinsu. Arahar da ake yi wa kirari, wasu ne suka biya ta da guminsu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Da aka yarda cewa ɓoye dodo shi ne fasaha, sai aka samu masu ɓoyewa alhali babu abin ɓoyewar. Skinamarink na 2022, wanda Kyle Edward Ball ya ɗauka a gidan da ya girma a Edmonton ta Kanada da kimanin dala 15,000, yana da tushe mai kyau: yara biyu sun farka cikin dare, babu ubansu, ƙofofi da tagogin gidan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsoron yaranta ne tsantsa, kuma a minti 20 da ya gigita kowa. Amma minti 100 aka yi ana nuna mana saman ɗaki, da gindin ƙofa, da kayan wasa a ƙasa. Wasu masu sharhi suka ce wanda ya gaji shi ne bai waye ba. Haba jama'a! Duhu yana ban tsoro ne in ka damu da wanda ke cikinsa. Yaran da da ƙyar aka bar ka ka ga fuskarsu, ta yaya za ka ji tausayinsu?

Ciwo na biyu ya fi wannan muni, wato ƙarshen nan na "ashe duk a kansa ne". Marubuci ya tara abubuwan al'ajabi, ya rasa yadda zai kwance ƙullin da ya ɗaura, sai ya ce ai jarumin taɓin hankali gare shi. Dabarar ta tsufa, tun The Cabinet of Dr. Caligari na Jamus a 1920 ake ta jan ta. Hatta Hitchcock, da ya yi Psycho a 1960 da kuɗin aljihunsa, sai da ya kawo likitan ƙwaƙwalwa a ƙarshe ya yi mana lacca. Lalacin bai tsaya a kan takarda ba. Fim bayan fim ana koya wa mai kallo cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa makashi ne da ke jiran dama, alhali a zahiri shi aka fi cuta, shi ake ɗaurewa, shi yara ke jifa a titi. Mai ƙaramin jari ya fi kowa faɗawa wannan rami, don hauka ba ya buƙatar kayan ado.

Ana iya taɓa ciwon zuciya ba tare da wannan zalunci ba, kuma Jennifer Kent ta Ostareliya ta nuna haka a The Babadook na 2014, da kimanin dala miliyan 2, wanda a wannan sana'a kuɗin cefane ne. Wata mata ce mijinta ya rasu a haɗarin mota yana kai ta asibiti haihuwa. Yaron da aka haifa ran nan ya kai shekara 6, tana son sa, kuma can cikin ranta tana jin haushinsa, abin da ba uwar da za ta furta. Dodon daga littafin yara ya fito, amma kowa ya gane daga ina yake samun ƙarfi. Kent ba ta kawo likita ya yi bayani ba, ba ta kuma kashe dodon ba. A ƙarshe yana nan a ɗakin ƙasa na gidan, uwar da ɗanta suna tono tsutsotsi a lambu, ita kuma ta sauka da kwano ta kai masa, ta lallashe shi, ta hau sama ta ci gaba da shirin bikin zagayowar ranar haihuwar yaron. Kent ta fara gwada wannan labari a wani gajeren fim mai suna Monster tun 2005. Shekara 9 ke nan tsakaninsa da fitowar Babadook.