Ciwon Zuciya Ba Na Masoya Ba Ne Kaɗai

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki, ku yi mini uzuri.

A littattafan wasu 'yan'uwana marubuta, ciwon zuciya hanya ɗaya yake biyowa: a raba yarinya da masoyinta, ta yanke jiki ta faɗi, likita ya cire tabarau ya ce a ba ta abin da take so. A titi kuma cewa ake ciwon masu kuɗi ne. Ni kuwa ina ganin kujera ciwon nan yake bi, bai damu da aljihun wanda ke kanta ba.

Zuciya tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita jini. Kitse ne ke taruwa a bangonsu shekara da shekaru har hanya ta ƙuntata, ran da gudan jini ya toshe ta sai wani sashe na zuciyar ya mutu. Hawan jini, ciwon suga, taba, teɓa da rashin motsa jiki su ne 'yan rakiyarsa.

A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya binciki ma'aikatan bas-bas masu bene na Landan. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direbobin da ke wuni a zaune sun fi kwandastocin da ke hawa da sauka kamuwa da ciwon. To ka tsaya a Court Road ko bakin kasuwar Tarauni ka ƙirga. Ɗan adaidaita sahu yana kan kujera tun asuba, ga hayaƙi, ga tunanin balas ɗin mai mashin. Tela na kan keke, mai shago na kan benci, yaro ke kawo masa shinkafa da lemon kwalba har inda yake. Ma'aikacin ofis ma haka. Mai turin baro dai ya tsira daga zama, amma in yana zuƙar taba ya rusa abin da ya gina.

Asibitin Malam Aminu Kano ga shi nan a titin Zariya, da ƙafa ma mutumin Gyaɗi-Gyaɗi zai je. Likitocinsa, ciki har da Mahmoud Sani, sun wallafa bincike a 2006: cikin marasa lafiya sama da 5,000 da aka kwantar a shekara 5, mutum 46 ne ke da wannan ciwo. Kaɗan ne, amma waɗanda suka kai gadon asibiti kawai aka ƙirga. Wanda ya ji ƙirji ya yi masa nauyi, zafin ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, gumi na keto masa, sau da yawa cewa yake olsa ce, ya aika kemis.

Don haka nake ganin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, da ba sa fashin karɓar kuɗin rasit, ya kamata su ajiye na'urar awon jini a ofisoshinsu. Awon bai kai minti 5 ba.